Ka Gina Kanel da Hannunka, Kwamfuta Ta Ƙi Tashi: Yadda Ake Bin Sawun Inda Ta Maƙale

Ɗan ƙanwata da ke koyon harkar manhaja a Yaba ya same ni a shago a Computer Village da ke Ikeja, Legas, wata safiyar Asabar, ya ajiye laftof a kan tebur ko gaisuwar kirki bai yi ba. "Kawu, na kashe ta," in ji shi. Kanel na Linux, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa na'urorin kwamfuta, ya ɗauko, ya gina da kansa, ya girka, ya sake kunnawa, ita kuwa ta zubo masa rubutu a baƙin allo ta tsaya cak. Kafin ya zo wurina har ya sake ginawa sau biyu, kowane gini yana cin sa'o'i da man janareta. Na ce masa mene ne layin ƙarshe da ta rubuta? Ya ce wallahi bai karanta ba.

Yawancin masu wannan matsala nan suke ɓata lokaci. Kwamfuta ba a tashi ɗaya take tashi ba, tafiya ce mai sauya mota, kamar wanda zai je Obalende daga Agege: ya sauka Oshodi, ya hau wata. In aka ce baƙo bai iso ba, a wace tasha ya maƙale ake tambaya. Famwayar kwamfuta, wato BIOS ko UEFI, ita ke miƙa ragama ga GRUB, manhajar da ke zaɓen kanel ɗin da za a tashi da shi. GRUB ya loda kanel da wani ƙunshin fayiloli mai suna initramfs. Kanel ya yi amfani da direbobin cikin ƙunshin ya nemo faifan da tsarin yake, ya ɗaura shi, sannan ya tada systemd, manhajar farko ta tsarin da ake kira init, shi kuma ya tada sauran abubuwa har allon shiga. Kowace tasha da irin kukanta. Zan yi misali da Ubuntu da Debian tunda su aka fi girkawa a nan, kuma zan kira sabon kanel ɗin 6.6.30-gwaji, kai ka sa lambar naka.

Da farko, koma kan tsohon kanel

Da tsohuwar zuma ake magani. Girka sabon kanel ba ya goge tsohon, yana nan a /boot. Kashe kwamfutar, ka kunna, ka riƙe Shift idan tsohon BIOS ne, ko ka taɓa Esc idan UEFI ne, har jerin zaɓin GRUB ya fito. A na'urorin HP sai ka yi hattara, Esc da wuri menu na famwayar yake buɗewa, ka bari tambarin ya wuce tukuna. Shiga "Advanced options", ka zaɓi kanel ɗin da ya zo da tsarin. In ta tashi, hankali ya kwanta: bayananka lafiya lau, faifai lafiya lau, laifin na sabon gini ne kawai.

Tun kana ciki, gyara /etc/default/grub don kada ka riƙa kokawa da maɓalli kowane zagaye. Sa GRUB_TIMEOUT_STYLE=menu da GRUB_TIMEOUT=10, ka buga sudo update-grub. Sannan ka duba abubuwa uku da ba sa cin minti ɗaya:

ls -lh /boot
ls /lib/modules
df -h /boot

Kana neman vmlinuz-6.6.30-gwaji, wato kanel ɗin kansa, da initrd.img-6.6.30-gwaji, wato fayil ɗin initramfs, da folda mai wannan suna daidai harafi da harafi a /lib/modules. Na ce harafi da harafi don in ka gina daga git, wani lokaci ana liƙa alamar + a ƙarshen lambar, sai kanel ya nemi direbobinsa a foldar da babu ita. Idan df ya nuna /boot ya cika, to da wuya initrd ɗinka ya rubutu gaba ɗaya.

Ka sa ta yi magana

Ubuntu na ɓoye saƙonnin tashi a bayan tambari. A jerin GRUB, haska sabon kanel, danna e, nemo layin da ya fara da linux, goge quiet splash, ka rubuta ignore_loglevel a wurinsu, sannan Ctrl+X ko F10. Wannan gyara na tashi ɗaya ne, ba ya zama, don haka ka gwada abin da kake so ba fargaba.

Rubutu zai yi ta gudu. A da ana komawa baya da Shift da PageUp, amma tun wajen kanel 5.9 a 2020 aka cire wannan. Dabarar da muke yi a shago ita ce a ɗauki allon bidiyo da waya, a riƙa tsayarwa ana karantawa. Kuma kada ka tsaya a layin ƙarshe kaɗai. Layin "Kernel panic" sanarwar mutuwa ce, ciwon da ya yi kisan yana layi biyar ko goma sama da shi. Idan kwamfutar na sake kunna kanta kafin ka karanta, ƙara panic=0 a layin don ta tsaya inda take.

Idan GRUB ne ya ƙi karɓar kanel

Saƙon zai zama "bad shim signature", ko "invalid signature", biye da "you need to load the kernel first". Secure Boot ke nan. Kanel ɗin Ubuntu na ɗauke da sa hannun da famwaya ta yarda da shi, naka kuwa ba shi da shi. Tabbatar daga tsohon kanel da mokutil --sb-state. Hanya mafi sauƙi ita ce ka shiga saitin famwaya ka kashe shi: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad.

Sai dai laftof ɗin tokumbo, wato na hannu, da muke saye a Ikeja da yawa daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, wasu da kalmar sirri a kan BIOS wadda mai sayarwa ma bai san ta ba. Irin wannan sai ka sa wa kanel hannu da kanka. Ka ƙirƙiri makulli da takardar shaida da openssl, ka kira takardar MOK.der, ka shigar da ita da sudo mokutil --import MOK.der, ka sa kalmar sirri ta wucin gadi, ka sake kunnawa. Shuɗin allo zai fito, ka zaɓi "Enroll MOK". Daga nan ka sa hannu a fayil ɗin vmlinuz da sbsign, wanda ke cikin kunshin sbsigntool. Wani abu kuma game da tokumbo: ƙaramin batirin da ke riƙe saitin BIOS kan mutu. In ka kashe Secure Boot jiya, yau ka ga ya dawo, agogon kwamfutar ma ya koma wata tsohuwar shekara, batirin nan za ka sauya, kada ka bar jaki kana dukan taiki.

Akwai kuma wadda ke tsayawa a "Loading initial ramdisk", ko ta ce "out of memory". Dubi girman initrd ɗinka. Na tsarin bai cika wuce megabait ɗari da 'yan kai ba. Idan naka ya kai ɗari biyar ko fiye, ka girka direbobi ne da duk bayanan binciken kurakurai a jikinsu. Maganinsa, daga foldar da ka yi gini:

sudo make INSTALL_MOD_STRIP=1 modules_install
sudo update-initramfs -u -k 6.6.30-gwaji

Ba sai ka sake gini ba.

Idan kanel ya tashi amma bai ga faifai ba

Nan ne kasuwar take ci, don mafi yawan na'urorin da aka kawo mini da wannan matsala nan suka maƙale. Saƙon shi ne:

Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)

Lambobin nan biyu na ƙarshe su ne labarin. Sifili da sifili na nufin kanel bai ma san wane faifai ake nufi ba: ko initramfs bai lodu ba, ko babu direban faifan. Idan kuwa ka ga 8 a farko, kamar 8,2, to ya ga faifan SATA. 259 kuma galibi NVMe ne. A nan faifai ya samu, tsarin fayil ɗin ne bai iya karantawa ba, wato ext4 ko btrfs ko xfs ne ka bari a waje.

Dalilin da ya sa wannan ke faruwa yana da kyau a gane shi sosai. A saitin kanel kowane direba na da matsayi uku: y yana cikin jikin kanel, m yana waje a matsayin fayil daban, n babu shi sam. Direban da ke m yana zaune ne a /lib/modules, a kan faifan da ake son buɗewa. Makulli ke nan a cikin ɗakin da aka kulle. Initramfs shi ne ɗan jakar da ake sa kwafin makullin a ciki, GRUB ya miƙa wa kanel tun kafin a isa ƙofa. In jakar ba ta zo ba, ko ta zo babu makulli, tafiya ta ƙare.

Laftof ɗin ɗan ƙanwata haka ta yi. Batirinta ya daɗe da mutuwa, aka ɗauke wuta ana tsakiyar make install. Da wuta ta dawo ya ga vmlinuz a /boot, ya ɗauka an gama, ya buga update-grub da hannu. Initrd kuwa ba a kai ga yin sa ba. Umarni biyu suka tashe ta:

sudo update-initramfs -c -k 6.6.30-gwaji
sudo update-grub

A Fedora dracut ake amfani da shi, a Arch kuma mkinitcpio. Idan initrd ɗin na nan, leƙa cikinsa da lsinitramfs /boot/initrd.img-6.6.30-gwaji | grep -E "nvme|ahci|ext4". Rashin ganin suna ba laifi ba ne in direban y ne, don haka ka haɗa da duba saitin: grep BLK_DEV_NVME /boot/config-6.6.30-gwaji. Waɗanda za ka bi ɗaya bayan ɗaya su ne BLK_DEV_INITRD, da BLK_DEV_NVME ga mai NVMe, da SATA_AHCI tare da BLK_DEV_SD ga mai SATA, da EXT4_FS ko abin da kake amfani da shi, da EFI_PARTITION don karanta teburin GPT. Mai LVM na buƙatar BLK_DEV_DM, wanda ya rufe faifansa da LUKS ya ƙara DM_CRYPT da lissafin ɓoyewa irin su AES da XTS. Wasu sababbin laftof masu Intel suna ɓoye NVMe a bayan wani abu da ake kira VMD; in babu CONFIG_VMD, faifan ba zai bayyana ba ko da direban NVMe na nan. A cikin kwamfutar kwaikwayo irin ta QEMU kuma VIRTIO_BLK da VIRTIO_PCI ne. Ni dai ra'ayina, direban faifan da tsarin ke kai da na tsarin fayil ɗinsa a sa su y kawai. Ɗan nauyin da za su ƙara bai kai ciwon kan ba.

Tarko biyu ke saura a wannan tasha. Na ɗaya, masu son tashi ba tare da initramfs ba su sani cewa kanel shi kaɗai bai san root=UUID= ba, wato kiran faifan tsarin da lambar shaidar tsarin fayil ɗinsa, initramfs ne ke fassara shi. Abin da kanel ya sani shi ne root=PARTUUID= ko suna kai tsaye irin /dev/nvme0n1p2; blkid zai ba ka duka. Na biyu, idan ka ga "Initramfs unpacking failed" can sama, jakar ta zo amma kanel bai iya kwance ta ba. Ubuntu na yanzu da zstd yake matse ta, sai ka tabbata RD_ZSTD na kunne. Fayil ɗin da ɗaukewar wuta ko cikar /boot ta yanke ma wannan saƙon yake bayarwa.

Wani lokaci ba ta mutuwa, sai ta jira na ɗan lokaci ta ce "ALERT! UUID=... does not exist. Dropping to a shell!" ta jefa ka taminal ɗin BusyBox, ƙaramin wurin buga umarni da ke cikin initramfs. Wannan alheri ne, ka samu bakin tambaya. Buga cat /proc/partitions. Babu komai? Direban faifai ne. Gwada modprobe nvme ko modprobe ahci ka sake dubawa. Faifai ya fito amma UUID bai dace ba? Gwama abin da blkid ya nuna da na cat /proc/cmdline. Idan kibod ɗin USB ya ƙi aiki a nan, ka bar USB_XHCI_HCD, USB_HID ko HID_GENERIC a waje.

Baƙin allo, babu ko harafi

Kafin ka yanke cewa ta mutu, dubi fitilar Caps Lock. In tana ƙiftawa da kanta, kanel ya faɗi, allon ne kawai bai nuna maka ba. In ba ta ƙiftawa, danna maɓallin ka gani: fitilar na kamawa tana mutuwa? To kwamfutar na raye, makanta ce kawai ta same ta. Gwada Ctrl+Alt+F3, ko ka shige ta da ssh daga wata na'ura.

Sa nomodeset a layin linux na GRUB. In hoto ya dawo, direban katin hoto ne. Duba FRAMEBUFFER_CONSOLE, da FB_EFI ko kuma DRM_SIMPLEDRM tare da SYSFB_SIMPLEFB. Su ke ba ka rubutu kafin babban direba ya karɓa. A nan shawarar da na bayar a sama juyewa take: amdgpu da i915 gara a bar su m. Suna buƙatar fayilolin famwaya daga /lib/firmware, in ka cusa su cikin jikin kanel sai su farka tun ba a ɗaura faifai ba, su nemi fayilolin su rasa. Masu NVIDIA kuma, direban kamfanin sai an sake gina shi ga kowane kanel; dkms status zai gaya maka ko an yi, kuma kanel sabo fil kan riga direban gaba ya ƙi ginuwa. Don ka raba gardama, tashi da systemd.unit=multi-user.target. In ka samu wurin shiga na rubutu, kanel ba shi da sauran laifi sai na hoto.

Idan an ɗaura faifai amma tafiya ta tsaya daga baya

"No working init found" ko "Attempted to kill init!" na nufin kanel ya gama nasa, wanda zai karɓa ne ya faɗi. BINFMT_ELF da BINFMT_SCRIPT dole ne, don init na cikin initramfs a Debian da Ubuntu rubutun shell ne. Systemd kuma ba ya tashi sai da DEVTMPFS da CGROUPS da wasu da ya lissafa a fayil ɗin README nasa. Masu farawa daga tinyconfig, wato saiti mafi ƙanƙanta, ko masu kashe duk abin da ba su gane ba su ke faɗawa nan.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne "emergency mode", don sau da yawa abin da ya jawo shi bai taka kara ya karya ba. Layi ɗaya a /etc/fstab ya ƙi ɗauruwa, systemd ya tsayar da komai. Mai laifin da aka saba kamawa /boot/efi ne: FAT ne, yana son VFAT_FS da NLS_CODEPAGE_437 da NLS_ISO8859_1, wa zai tuna da su? A wannan mataki an riga an fara rubuta rahoto a faifai, don haka daga tsohon kanel journalctl --list-boots zai jera tashe-tashen baya, journalctl -b -1 -p err kuma ya nuna kurakuran na ƙarshe. Faɗuwar da ta auku kafin a ɗaura faifai ba za ta fito a nan ba. Leƙa /sys/fs/pstore ko /var/lib/systemd/pstore, wani lokaci famwayar UEFI kan adana ta.

Idan tsohon kanel ma babu

Ya faru, ko ka goge shi don neman wuri, ko ka ba sabon suna iri ɗaya ya hau kansa. Sai filas mai Ubuntu. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka tanade shi tun kafin ka fara gini, don sauko da fayil na gigabait biyar ko shida da datar waya a ranar da kwamfuta ta mutu ba daɗi. Tashi daga filas ɗin, F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, ka gano ɓangarorin faifai da lsblk -f, sannan ka buga waɗannan, kana sa sunayen ɓangarorinka a maimakon na misalin:

sudo mount /dev/nvme0n1p2 /mnt
sudo mount /dev/nvme0n1p1 /mnt/boot/efi
for d in dev proc sys run; do sudo mount --bind /$d /mnt/$d; done
sudo chroot /mnt

In /boot naka ɓangare ne daban, ɗaura shi kafin na efi. Yanzu kana cikin tsarinka. Dawo da kanel ɗin Ubuntu da apt install --reinstall da cikakken sunan kunshin linux-image mai lambarsa, ka yi update-grub, ka fita, ka sake kunnawa.

Sai yanzu ake maganar sake gini

Idan bincike ya nuna saiti ne, kada ka yi ta canki-canka a menuconfig, allon zaɓen saitin kanel. A cikin foldar kanel akwai scripts/diffconfig. Ba shi saitin tsohon kanel daga /boot da fayil ɗin .config naka, zai jera bambancin kawai. Galibi amsar na cikin layukan da suka koma n. Hanya mafi aminci ita ce ka kwafo saitin da ke aiki ya zama .config, ka yi make olddefconfig, ka tabbata ya tashi, sannan ka fara ragewa kaɗan-kaɗan. A Ubuntu sai ka mayar da SYSTEM_TRUSTED_KEYS da SYSTEM_REVOCATION_KEYS fanko da scripts/config --set-str, in ba haka ba ginin zai tsaya yana neman takardun shaidar Canonical.

Make localmodconfig na rage lokacin gini ƙwarai, kuma mai biyan kuɗin fetur ya san darajar haka. Amma abin da lsmod ya gani a wannan lokacin kaɗai yake riƙewa. Filas, modem, firinta, duk abin da ba ka jona ba za a iya zubar da direbansa. Jona su duka kafin ka buga.

Ba kowane gini sunansa da CONFIG_LOCALVERSION, -gwaji1, -gwaji2, don kada wani ya hau kan wani. Yi amfani da make bindeb-pkg maimakon make install. Zai ba ka kunshin .deb da dpkg -i ke girkawa, apt remove ya cire tsaf. Kada ka fara girkawa sai batiri na da caji ko kana kan inbata. Kuma kafin ka sake kunna na'urar gaske, gwada shi a QEMU:

qemu-system-x86_64 -m 2G -nographic -kernel arch/x86/boot/bzImage -initrd /boot/initrd.img-6.6.30-gwaji -append "console=ttyS0"

Ba zai gwada maka direban faifanka ko na hoto ba, amma in ya kai ka taminal ɗin initramfs, ka san kanel na tashi, jakar na kwancewa, init na gudu. Saƙonnin kuma a taminal ɗinka suke zuba, kana iya komawa baya ka karanta a natse.

Akwai ragowar yanayi guda: saiti iri ɗaya, tsohuwar lamba na tashi, sabuwa ba ta tashi. Wannan kuskure ne a cikin kanel ɗin kansa, kuma git bisect ne maganinsa. Ka nuna masa lamba mai kyau da mara kyau, ya riƙa raba tsakani kana ginawa kana gwadawa. Tsakanin fitowa ɗaya da ta gaba akwai sauye-sauye sama da dubu goma, wato gini goma sha uku ko sha huɗu. Da localmodconfig da ccache, mai adana abin da aka riga aka gina, ana iya gamawa a kwana biyu. In ka kama sauyin da ya jawo, scripts/get_maintainer.pl zai ba ka sunayen waɗanda za ka aika wa rahoto, ka haɗa da .config ɗinka da hoton allon da ka ɗauka.